"target is busy" gargaɗi ne: zare ga injiniyoyin kashe-ka-kunna

1/
Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a shagunan kwamfuta da ɗakunan kwamfuta na makarantu, tun daga Faskari zuwa Funtuwa har Katsina. Folda ta ƙi kwancewa daga netwok, sai wani ya ce "a kashe a kunna". Yau zan taɓo masu yin haka. Wanda zai ji haushi ya ji. Zaren da ɗan tsawo 🧵

2/
Ga wanda bai san zancen ba: shago mai kwamfuta biyar yakan ware ɗaya ta riƙe fayilolin kowa. Ita ce uwar garke. Sauran su jona da foldarta ta waya ko Wi-Fi, su riƙa aiki a ciki kamar tasu ce. A Windows za ka gan ta da harafi kamar Z: A Linux kuma tana zama a wuri kamar /mnt/aiki

3/
Jona foldar a Linux sunan umarninsa mount, kwance ta kuma umount. Jonawa kowa ya iya, a minti biyu ake koya. Kwancewa ce ke tona asirin wanda ya san aiki da wanda ya haddace umarni uku ya sa aka fara ce masa injiniya.

4/
Ka buga umount /mnt/aiki sai baƙin allo ya mayar maka da "target is busy". Ma'anarsa: akwai wanda yake ciki, bai gama ba. Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Aikinta take yi, tana hana ka janye tabarma alhali mutum na zaune a kai.

5/
Amma me ogan shago zai yi? Ko ya danne maɓallin wuta har ta mutu, ko ya zare wayar netwok, ko ya manna umount -l da ya gani a wani bidiyo. Rubutun gargaɗin ya ɓace, ya juyo yana murmushi ya ce "an gyara". Malam, ba ka gyara komai ba. Bakin mai gargaɗi ka toshe.

6/
Ka san me ke cikin wannan foldar kuwa? Furojet ɗin ɗan ajin ƙarshe da ya yi wata huɗu yana rubutawa. Makin jarrabawar ɗalibai da malama ta kwana tana shigarwa a Excel. Lissafin bashin mai hatsi a kasuwar Sheme. Da dukiyar mutane kake caca, kuma ko sani ba su yi ba.

7/
Ga abin da ba a gaya wa mutane. In manhaja ta rubuta abu, Linux ba ya kai shi faifan ajiya nan take. Yakan riƙe shi a RAM tukuna, ya tura daga baya. A tsarin da ya zo da shi, rubutu kan iya yin daƙiƙa 30 yana jira kafin a tilasta tura shi. In fayil babba ne kuma netwok na jan ƙafa, ya fi haka.

8/
Kana iya gani da idonka. Buga grep Dirty /proc/meminfo. Lambar da ta fito, yawan bayanan da ke rataye a RAM ne, ba su sauka ba. Ka yanke wuta a wannan lokacin, sun tafi ke nan. Fayil ɗin zai nuna sunansa a folda, a buɗe a ga rabi ko a ga wayam.

9/
Matsalar kwancewa iri biyu ce, kuma maganinsu daban. Na farko: uwar garke tana raye, wani ne dai yake riƙe da foldar. Na biyu: uwar garken ce ta mutu ko hanya ta yanke. Mai kashe-ka-kunna ba ya bambancewa. Allura ɗaya yake yi wa mai zazzaɓi da mai karaya.

10/
Iri na farko. Tambaya ɗaya ce: wa ke ciki? Buga fuser -vm /mnt/aiki. Zai jero maka kowace manhaja da ke riƙe da wani abu a wurin, da lambarta, da sunan mai ita. lsof /mnt/aiki ma zai nuna har sunan fayil ɗin da ke buɗe. Ka sa sudo a gaba don ka ga na kowa. Daƙiƙa goma ba ta cika ba ka san mai riƙon.

11/
Abin dariyar, sau da yawa mai riƙon shi ne mai ƙorafin 😂 Ya yi cd ya shiga foldar, yana tsaye a cikinta, yana buga umount yana zagin kwamfuta. Kana cikin ɗaki kana neman a kulle shi ta waje. Buga cd ~ ka fito, ka sake gwadawa.

12/
Wani kuma ya shiga foldar sannan ya buga sudo su. Yanzu mutum biyu ne a ciki: shi na farko da shi na biyu. Ko ya fita daga na biyun, na farkon yana nan tsaye. Wani taga ce ya bari a buɗe a baya, ko VLC da aka tsayar da waƙa tun safe, ko LibreOffice da ke riƙe da takarda.

13/
Akwai kuma wanda fuser ba lallai ya nuna ba: an jona wani abu a cikin abin da aka jona. Buga findmnt -R /mnt/aiki ka gani. In akwai na ciki, shi za ka fara kwancewa, sannan na waje. Ba a cire riga ta ciki a bar babbar riga a jiki.

14/
In ka gano mai riƙon, tashi ka je wurinsa. "Malam Sani, don Allah ajiye aikinka ka rufe, zan kwance folda." Shi ke nan fa. Rabin wannan matsala da baki ake magance ta. Girman kai ne ke hana wasu tashi daga kujera su yi taku biyar.

15/
Bayan kowa ya rufe, buga sync, ka jira ya dawo maka da layi. Sannan umount. Zai kwance lafiya lau, babu ko tari. Wannan duka bai kai minti uku ba. Sake buga furojet mai shafi 80 kuwa kwana nawa ne?

16/
Masu ɗan ilimi sun fi ban tsoro, su ne 'yan fuser -km. Wannan -k ɗin kisa ne, kuma SIGKILL yake aikawa, irin wanda ba ya ba manhaja damar ajiye komai. Duk takardar da ke buɗe ba a ajiye ba ta tafi.

17/
Mafi muni, in ka yi kuskuren suna, ko foldar ta riga ta kwance ba ka lura ba, -m zai ɗauka babban faifan kwamfutar kake nufi, ya bi kusan duk abin da ke motsi ya kashe. Shi ya sa aka yi -M babba, wanda ke ƙin aiki sai in wurin da gaske majona ce. Nawa ne cikin masu manna umarnin suka san da shi?

18/
Yanzu iri na biyu, wanda ya fi damun mu a nan. An ɗauke wuta, janareta bai tashi ba, uwar garke ta mutu. Laftof ɗinka na kan batir. Ka buga ls ya tsaya cik. df ya tsaya. umount ma ya tsaya. Ctrl+C ba ya ji. A nan ne ake fara cewa "bairos ne" ko "sai an yi fomatin". Subhanallahi.

19/
Ba bairos ba ne. NFS, tsarin raba folda da kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a Amurka a 1984, da gangan aka gina shi haka. In ba ka ce komai ba, jonawar hard ce: uwar garke ta yi shiru, kwamfutarka za ta yi ta sake tambaya har abada, ba za ta zubar da rubutunka ba.

20/
Ka gane? Wannan tsayuwar da ke ba ka haushi, amana ce take riƙewa. Bayananka suna hannunta, tana jiran a buɗe ƙofa ta miƙa. Buga ps aux ka duba, za ka ga manhajar da harafin D a gefenta, wato tana jiran amsa daga wurin ajiya. Ka danne maɓallin wuta, kai ka zubar da abin da take tattali.

21/
Don haka magani na farko a iri na biyu shi ne a dawo da uwar garke. Tada janareta, duba waya, duba rauta, yi ping ka ga ko tana amsawa. Da ta dawo da adireshinta na da, kwamfutocin za su ci gaba daga inda suka tsaya, su sauke abin da ke hannunsu.

22/
Kuma ka ba ta lokaci. A NFSv4, uwar garken Linux takan yi kusan daƙiƙa 90 bayan ta tashi tana jiran tsofaffin abokan hulɗa su karɓi makullan fayilolinsu kafin ta saurari sababbi. Wasu a cikin wannan minti ɗaya da rabin suke ƙosawa su sake kashewa. Sauri ya haifi nawa.

23/
"To in uwar garken ta ƙone gaba ɗaya fa?" Yauwa, a nan ne umount -f yake da hurumi. Don wannan aka yi shi: ya soke buƙatun da ke rataye. Amma ka sani, abin da bai isa can ba ya salwanta. Kuma in har wata manhaja na riƙe da fayil, zai iya sake ce maka busy. Ba sandar tsafi ba ce.

24/
Kafin ka kai ga -f, bi masu aiki ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda takardarsa ke buɗe kuma manhajar na motsi, ya ajiye kwafi a kan kwamfutarsa ko a filash. Wanda tasa ta daskare, ko hoton allon ya ɗauka da waya. A tsira da abin da za a iya tsira da shi tukuna.

25/
Yanzu ga gwanin 'yan bidiyo: umount -l. Tun Linux 2.4.11 yake nan. Abin da yake yi shi ne ya ɓoye foldar daga idonka nan take, amma jonawar tana nan a ƙarƙashi har sai mai riƙon ƙarshe ya saki. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

26/
Ga illar farko: ka ga ta ɓace, ka ɗauka an gama, ka je ka kashe uwar garke alhali wata manhaja tana tsakiyar rubutu. Ta biyu: yanzu ka buga fuser a kan /mnt/aiki ba zai nuna maka masu riƙon ba, don sunan ya rabu da jonawar. Ka kashe fitilar da za ka yi nema da ita.

27/
Illa ta uku ita ce ke sa mutane kuka. Bayan kwancewa, /mnt/aiki ya koma folda fanko a kan kwamfutarka. Mai aiki bai sani ba, ya ci gaba da ajiya a ciki. Gobe a sake jonawa, foldar netwok ta rufe ta, fayilolin jiya su "ɓace". Suna nan a ƙarƙashi, amma sai a fara zargin yaron shago da gogewa.

28/
Wannan zargin yana ci min rai wallahi. Yaro yana koyon aiki, ba shi da bakin kare kansa, a ce shi ya goge, wani lokaci har a cire a ɗan abin da ake ba shi. Alhali ogan da ya buga -l jiya da yamma shi ne ya haƙa ramin.

29/
Shi kansa bayanin umount da ke cikin kwamfutarka, buga man umount ka karanta, ya yi gargaɗin cewa in ka yi amfani da -l a foldar netwok, to ka shirya sake kunna na'urar nan kusa. Masu rubuta shi ba su ɗauke shi gyara ba. Kai ne ka mayar da shi Panadol.

30/
'Yan Windows kada ku yi dariya, kuna ciki. Ka buga net use Z: /delete, ya gaya maka akwai fayiloli a buɗe, ya tambaye ka ko a ci gaba. Kai ko karantawa ba ka yi ba ka danna Y. Wasu ma /y suke liƙawa a ƙarshe don kada a tambaye su. Halin ɗaya ne, riga ce ta bambanta.

31/
A uwar garken Windows, shiga Computer Management, Shared Folders, Open Files, za ka ga wa ya buɗe me. In Samba ce, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostareliya a farkon shekarun 1990, buga smbstatus. Kayan bincike suna nan kyauta. Karatun ne ba a so.

32/
Kuskure mai lamba 1219 ma haka. Yana nufin ka riga ka jona da wannan uwar garken da wani suna, kana neman sake jonawa da wani daban. Buga net use kawai ka ga tsohuwar jonawar, ka rufe abin da ke buɗe, ka cire ta. Amma a kan wannan ake karɓar kuɗin "sake sa Windows". Ku ji tsoron Allah.

33/
Na san amsoshin da za su zo. "Shekara biyar ina haka ban taɓa asara ba." Ba ka taɓa lura ba dai. Fayil da ya lalace ba ya ihu. Mai shi sai bayan sati biyu zai buɗe a gida ya ga shirme, ya ɗauka filash ɗinsa ne. Ba ya dawowa wurinka, shi ya sa lissafinka yake fari tas.

34/
"Kwastoma na jira, ba ni da lokaci." Kwastoman da ke jira shi ne mai fayil ɗin. Tambaye shi: minti uku zai ƙara jira, ko aikinsa zai saka a caca? Ka san amsar, shi ya sa ba ka tambaya.

35/
"Ka jona da soft kawai, ba za ta ƙara tsayawa ba." Gaskiya ne, soft yakan haƙura bayan 'yan gwaji ya mayar da kuskure. Amma man nfs da kansa ya yi gargaɗin hakan na iya lalata bayanai shiru ba tare da an sani ba. Foldar karatu kawai, kamar littattafai da tsofaffin tambayoyi, soft da ro sun yi. Inda ake rubutu, bar hard.

36/
Wani zai ce a sa intr don Ctrl+C ya yi aiki. Wannan shawara ta tsufa, tun Linux 2.6.25 na 2008 ba a kula wannan zaɓin. Abin da ake samu ke nan in ana manna umarni ba a duba shekarar da aka rubuta shi ba.

37/
Sai 'yan gayu: "Wa yake raba folda a wannan zamanin? Ku zuba komai a Google Drive." Ɗan'uwa, daga ina kake magana? A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda tsaro. Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa duk suna ciki.

38/
Watanni aka yi. Mutane suna yin tafiya don kawai su buga waya. Duk wanda ajiyarsa ke intanet kaɗai, a wannan lokacin kamar an kulle masa rumbu an tafi da makulli. Amma kwamfuta biyar da waya da rauta a ɗaki ɗaya ba ruwansu da eriyar kamfanin waya. Suna ganin juna ko babu sabis.

39/
Kuma ba mu kaɗai ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, har Legas da Akara suka ji a jikinsu. Ka ajiye kwafi a intanet, ban hana ba, yana da kyau ma. Amma foldar cikin gida ita ce tamu ta yau da gobe. Shi ya sa dole mu iya riƙe ta.

40/
Waɗanda suka tsara NFS ba su tsara shi da tunanin garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini ba. Mu ne za mu daidaita shi da halinmu. Kuma daidaitawar ba tsada. Ga ta nan 👇

41/
Uwar garke da rauta su zauna a kan UPS ko inbata ɗaya. Ba don su yini ba, don dai a samu minti goma a rufe komai cikin mutunci. Oga zai sayi sabuwar kujera mai juyawa amma ya ce batir tsada. Ranar da makin makaranta guda ya lalace zai san mai tsada.

42/
A /etc/fstab ka ƙara _netdev da nofail da x-systemd.automount da x-systemd.idle-timeout=60. Foldar za ta jonu ne in an buƙace ta, ta kwance kanta in an yi minti ɗaya ba a taɓa ta ba. Wuta ta tafi ba kowa a ciki, babu abin da zai rataye.

43/
Wannan kan rage maka zaman kallon "A stop job is running" da ke ƙirga minti ɗaya da rabi lokacin rufe kwamfuta. Shi ma ba lalacewa ba ce, systemd ne yake jiran abin da bai gama ba. Bar shi ya ƙirga.

44/
Kafin ka jona, buga chattr +i a kan fankon foldar /mnt/aiki. Ranar da jonawa ta kwance, ba mai iya ajiya a fankon bisa kuskure, kuskure zai fito ɓaro-ɓaro a allo. Layi ɗaya, ya wanke yaron shago daga zargi.

45/
A uwar garke kuma duba /etc/exports. In ka ga async, ka sani tana cewa "na karɓa" kafin ta rubuta a faifai. Da sauri kam, amma wuta ta tafi a tsakani, ta yi maka ƙaryar da ba ta yi niyya ba. A garinmu sync ne daidai.

46/
Tsarin tashi daga aiki kuma a rubuta a manna a bango: kowa ya ajiye ya rufe, a yi sync, a kwance folda, a kashe ƙananan kwamfutoci, uwar garke a ƙarshe. Da safe ita ce farkon tashi. Sannan kwafin ajiya a wani faifai daban duk mako, wanda ba ya kwana a jone.

47/
Mu ɗalibai masu karanta kwamfuta a Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, mu ne za mu dawo mu riƙe waɗannan shagunan da ɗakunan jarrabawa da ofisoshin ƙaramar hukuma. In muka dawo da kwali da kashe-ka-kunna, me muka ƙaro wa gari?

48/
Masu kai aiki shago, ku ma kuna da haƙƙi. In ka ga an miƙa hannu wajen maɓallin wuta alhali aikinka na buɗe, ka ce "Oga tsaya, an ajiye nawa?" Ka nemi kwafi a filash ɗinka, ka buɗe shi a gabansa kafin ka biya.

49/
Yayyena injiniyoyi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku karanta abin da allo ya rubuta kafin ku taɓa komai. Ku gano wa ke ciki. Ƙarfi shi ne matakin ƙarshe, kuma in za ku yi shi ku gaya wa mai fayil abin da zai iya rasawa. Wanda yake da hujjar cewa -l gyara ne, ga fili nan, ya kawo ta. Ku tura wa ogan shagon unguwarku 🙏